Abdurrahman As-Sufi, Malamin Da Ya Ga Ƙaramin Girgije A Tsakanin Taurari

Har gobe a ƙasar Yawuri, tun daga Yelwa zuwa Ngaski da Shanga da sauran garuruwan da ke bakin tafkin Kainji, ba a rasa dattawa manoma da masunta waɗanda ke gane inda shekara ta kai ko da babu kalanda a hannunsu. Sukan dubi Kaza Da 'Ya'yanta, watau Suraiya. Malamai kuwa sukan lissafta manzilolin wata guda 28, irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, su faɗi lokacin shuka da lokacin da ruwa zai kankama. Waɗannan sunaye na Larabci ne, ta hanyar littattafai suka iso mana. To, ɗaya daga cikin mutanen da suka fi shan wahala wajen tantance wane suna ne na wane tauraro shi ne wani malami Bafarishe, Abdurrahman As-Sufi, wanda ya rasu yau fiye da shekara dubu ke nan. Shi ne kuma mutum na farko da aka sani ya rubuta labarin wani ɗan tabo mai kama da girgije a sama, wanda daga baya ya sauya wa masana tunani a kan girman halitta.

Asalinsa

Cikakken sunansa Abul Husaini Abdurrahman ɗan Umar As-Sufi Ar-Razi. An haife shi cikin watan Disamba na shekarar 903, watau 291 ta Hijira, a birnin Rayyu, wanda kufansa ke kudancin Tehran, babban birnin Iran na yanzu. A wannan zamani ƙarfin halifofin Abbasiyya na Bagadaza ya fara ja da baya, sarakunan larduna suna ta cin gashin kansu, kowannensu yana ƙoƙarin tara malamai a fadarsa don a san da shi. Ilmin taurari yana cikin fannonin da ake ji da su ƙwarai, domin da shi ake sanin alƙibla da lokutan salla da tsayuwar wata, da shi matafiya ke gane hanya cikin hamada da teku.

Babban littafin da kowane ɗalibin wannan fanni ke dogara da shi a lokacin shi ne Almajisti, wanda wani masani mai suna Batalimusa ya wallafa da harshen Girka a Iskandariyya ta Masar wajen shekarar 150. An juya shi zuwa Larabci a Bagadaza cikin ƙarni na 9. A cikinsa akwai jerin taurari fiye da 1,000, an kasa su cikin surori 48, kowane tauraro da matsayinsa da matakin haskensa, daga mataki na 1 mafi haske zuwa na 6 wanda ido ke gani da ƙyar.

Malamai Kashi Biyu

Da As-Sufi ya yi zurfi cikin karatu sai ya lura masana taurari na zamaninsa sun rabu kashi biyu, kuma kowane kashi da irin tasa naƙasar. Kashi na farko su ne masu bin hanyar Batalimusa, ma'abuta lissafi da jadawali. Ya tarar da yawa daga cikinsu kofe kawai suke yi daga littafi zuwa littafi, ko su zana taurari a kan dunƙulen tagulla, ba tare da sun fita waje sun daga kai sun gwada abin da suka rubuta da abin da ke sama ba. Idan mai kwafa ya yi kuskuren harafi ɗaya, sai kuskuren ya bi littattafai har jikoki. A nan bai ƙyale ko manya ba, don har Albattani, wanda ya yi suna ƙwarai wajen lissafin rana da wata, sai da ya nuna inda ya gaza a kan sha'anin taurari.

Kashi na biyu su ne masu bin al'adar Larabawan ƙauye, wadda ake kira Anwa'u, watau sanin fitowar taurari da faɗuwarsu don gane damina da rani da iska. Waɗannan sun san sunaye da waƙoƙi da karin magana birjik, amma sau da yawa ba su iya nuna tauraron da sunan ke nufi. Mafi shahara a cikinsu shi ne Abu Hanifa Ad-Dinawari. Wajen shekarar 946 As-Sufi ya je garin Dinawar tare da waziri Abul Fadli Ibnul Amid, ya ga gidan da aka ce a kan soronsa Ad-Dinawari ya yi shekaru yana duban sama. Ya girmama mutumin, amma da ya bi littafinsa daki daki sai ya iske saninsa na waƙa ya fi saninsa na taurari nisa.

Daga nan ya ƙudura niyyar haɗa hanyoyin biyu, ya sa idonsa ya zama alƙali a tsakaninsu.

A Fadar Adudud Daula

Allah ya haɗa shi da sarkin da ya san darajar wannan aiki. Adudud Daula, na gidan sarautar Buwaihi, ya hau gadon mulkin ƙasar Farisa cikin 949 yana yaro ɗan shekara 13, hedkwatarsa a Shiraz, daga baya ya kama Bagadaza. Sarki ne mai son gine-gine da ilmi. Ya gina madatsar ruwa kusa da Shiraz, wadda ake kira Bandi Amir, ya gina babban asibiti a Bagadaza, ya kuma tara littattafai masu yawa a fadarsa. As-Sufi ya zama malaminsa kuma amininsa, har masana tarihi suka rawaito cewa sarkin yakan yi alfahari da cewa As-Sufi ne ya koya masa surorin taurari.

A ƙarƙashin wannan inuwa ya wallafa littafinsa mai suna Suwarul Kawakibis Sabita, watau Surorin Kafaffun Taurari, wajen shekarar 964. Ana ce musu kafaffu ne don a bambanta su da masu yawo irin su Zara, waɗanda ke sauya wuri a tsakanin 'yan'uwansu dare bayan dare. Ban da wannan ya rubuta dogon littafi a kan usturlabi, wani faifan tagulla da ake auna tsayin rana da taurari da shi, da wani a kan yadda ake aiki da dunƙulen taswirar sama. Tsakanin 969 da 972 ya shugabanci wani awo a Shiraz da babban zoben ƙarfe, a gaban manyan malamai irin su Alkuhi da As-Sijzi, don a gano iyakar karkatar hanyar rana, suka sami daraja 23 da minti 35.

Yadda Ya Tsara Littafin

Ya bi surori 48 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, kowace ya yi mata aiki iri huɗu. Da farko ya bayyana taurarinta da inda kowane yake, yana nuna wuraren da abin da ya gani ya saɓa wa Batalimusa. Sa'an nan ya kawo sunayen da Larabawa ke kiransu, ya ɗora kowane suna a kan tauraronsa. Bayan haka ya zana surar sau biyu, ɗaya yadda take a sama, ɗaya yadda take a juye a kan dunƙulen tagulla, don kada ɗalibi ya ruɗe. A ƙarshe ya kawo jadawalin lambobi.

Wani abin lura shi ne yadda ya rarrabe abin da ya auna da kansa da abin da ya karɓo. Matsayin taurari bai sake auna shi ba. Ya ɗauki lambobin Batalimusa ya ƙara wa kowane daraja 12 da minti 42, saboda an san sama tana ɗan gusawa a hankali, kuma malaman Bagadaza na zamanin Halifa Ma'amun sun ƙiyasta gusawar daraja ɗaya ce cikin shekara 66. Bai ɓoye wannan ba, ya faɗa a fili. Masanan yau sun tabbatar shekara 72 ce, saboda haka bai yi nisa da gaskiya ba.

Amma hasken taurari da idonsa ya auna shi, tauraro bayan tauraro, shekara da shekaru. Matakai shida na Batalimusa ba su ishe shi ba, sai ya ƙara rarraba su, yana cewa wannan na mataki kaza ne daidai, wancan ya ɗan fi, wancan kuma ya ɗan gaza. Ya kuma ambaci taurari da dama waɗanda Batalimusa bai lissafa ba sam. Aiki ne na tsayuwar dare cikin sanyin tsaunukan Iran, babu madubin hangen nesa, don sai bayan rasuwarsa da shekara fiye da 600 aka ƙirƙiro shi.

Tabo A Bakin Kifi

A cikin surorin arewa akwai wadda Larabawa suka kira Almar'atul Musalsala, watau mace ɗaure da sarƙa, wadda Turawa ke kira Andromeda. A daidai wannan yanki Larabawan ƙauye su kuma suna ganin surar babban kifi, wanda cikinsa ne manzilin wata na ƙarshe, Baɗanul Hut. Da As-Sufi ya zo bayanin wannan kifi sai ya ce a wajen bakinsa akwai wani tabo mai kama da ɗan girgije, a wasu kofen littafin har an zana shi da ɗige-ɗige.

Batalimusa bai ambaci wannan tabo ba. Da As-Sufi irin malaman da ya soka ne, da ya bar shi, tun da babu shi cikin littafin magabata, kuma ba shi da wani amfani ga mai neman alƙibla ko mai jiran damina. Bai san mene ne ba, bai kuma yi da'awar sani ba. Ya dai gan shi dare bayan dare a wuri ɗaya, ba ya gusawa kamar girgijen ruwa, don haka ya rubuta. Haka kuma ya rubuta wasu tabbai biyu makamantansa, ɗaya a kudu kusa da surar Jirgin Ruwa, ɗaya kusa da surar Kibiya, wanda har yau wasu masana ke kira da sunansa.

Rasuwarsa Da Bazuwar Aikinsa

Adudud Daula ya rasu cikin 983. As-Sufi ya bi shi bayan shekara uku, cikin watan Mayu na 986, watau Muharram na 376, yana da shekara 82. Ya bar ɗa wanda ya tsara ilmin mahaifinsa cikin waƙa don sauƙin hadda.

Littafin ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Albiruni ya dogara da shi. Nasiruddin Ad-Dusi ya juya shi zuwa Farisanci wajen 1250, cikin wannan ƙarni kuma aka juya shi zuwa harshen Sifen bisa umarnin Sarki Alfonso na 10. Da Sarki Ulug Beg na Samarkand ya sake auna taurari cikin 1437, waɗanda suka yi masa kudu da yawa har bai iya ganinsu ba, daga As-Sufi ya ɗauko su. Kofen da aka rubuta wa Ulug Beg yana Paris har yanzu, wani tsohon kofe kuma yana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford ta Ingila. An buga fassararsa da Faransanci cikin 1874, aka buga asalin Larabcin a Haidarabad ta Indiya cikin 1954. Turawa sun lanƙwasa sunansa zuwa Azophi, suka raɗa wa wani rami a kan wata.

Ƙasar Hausa ma ba a bar ta a baya ba wajen wannan fanni. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya wallafa littattafai a kan lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira cikin 1741 a gidan Shaihu Hasan Aljabarti.

Abin Da Girgijen Ya Zama

Cikin 1612 wani Bajamushe, Simon Marius, ya dubi tabon nan da madubin hangen nesa. Daga baya masana suka shafe shekaru masu yawa suna gardama: shin hazo ne a kusa da mu, ko wata duniyar taurari ce can nesa? Abin da ya raba gardamar shi ne irin aikin da As-Sufi ya ba da rayuwarsa a kai, watau auna hasken tauraro da haƙuri.

Ashe taurarin da aka kira kafaffu ba dukansu ne haskensu ke tsaye ba. Akwai wani da As-Sufi ya lissafa da sunan Ra'asul Gul, wanda Turawa suka mayar Algol. Cikin 1783 wani saurayi kurma a York ta Ingila, John Goodricke, ya nuna cewa haskensa yana dushewa sau ɗaya kowane kwana 2 da kusan awa 21, ya kawo shawarar cewa wani abu ne ke kewaya shi yana tare shi. An tabbatar da haka cikin 1889: taurari ne tagwaye, ɗaya na yi wa ɗaya husufi. Cikin 1784 shi dai Goodricke ya gano wani tauraro a surar Kifawus wanda haskensa ke hawa da sauka cikin kwana 5 da 'yan awoyi. Irin wannan shi kansa ne ke kumbura yana saɓewa. Cikin 1912 wata mata a Jami'ar Harvard ta Amurka, Henrietta Leavitt, ta nuna cewa a wannan jinsi, gwargwadon tsawon kwanakin tauraro gwargwadon ƙarfin haskensa na ainihi. Watau idan an ƙirga kwanakinsa an san ƙarfin fitilarsa, idan kuma an gwada da yadda ya dushe a idonmu an san nisansa.

Cikin watan Oktoba na 1923 Edwin Hubble ya sami irin wannan tauraro a cikin ƙaramin girgijen As-Sufi, da babban madubin Dutsen Wilson a Kalifoniya. Lissafi ya nuna girgijen yana waje da namu gungun taurarin baki ɗaya. A ƙiyasin yau, haskensa yakan yi shekara miliyan 2 da rabi a hanya kafin ya iso mu, alhali haske na gudun kilomita 300,000 cikin sakan ɗaya. Taurarin da ke cikinsa kuwa sun kai wajen miliyan sau miliyan.

Hazo Da Igiya A Kewayen Tagwaye

Neman dusassun tabbai a sama bai ƙare ba, har ma ya koma kan su taurarin masu sauya haske. A surar Kifin Teku akwai wani da ake kira Mira, wanda ba ya cikin jadawalin Batalimusa ko na As-Sufi. Yakan yi haske sosai, sa'an nan ya dushe har ido ya daina ganinsa, ya sake dawowa, zagaye ɗaya cikin kwana wajen 332. David Fabricius ne ya lura da shi cikin 1596. Tsohon tauraro ne ja wanda ya kumbura, yana zubar da iskar jikinsa, yana kuma da ƙaramin abokin tafiya mai zafi wanda ke jan wani ɓangare na abin da yake zubarwa.

Cikin 2006 wani madubi mai suna GALEX, da hukumar sararin samaniya ta Amurka ta harba, ya ɗauki hotonsa da irin hasken da idon mutum ba ya gani. Sai ga wutsiya a bayansa, tsawonta tafiyar haske ta shekara 13, ga kuma wani lanƙwasasshen baka a gabansa. Duk wanda ya taɓa ganin jirgin ruwa mai inji yana keta tafkin Kainji zai gane abin da ke faruwa. Goshin jirgi yana tura ruwa ya tashi ya lanƙwasa gefe da gefe, a baya kuma kumfa ta bi sawu. Mira na gudun kilomita 130 cikin sakan, iskar da yake fitarwa tana karo da siririyar iskar da ke tsakanin taurari, ta matsu, ta yi zafi, ta zama igiya a gaba, ragowar ta koma baya ta zama wutsiya. Masana sun ƙiyasta abin da ke cikin wutsiyar zubin shekara 30,000 ne.

Akwai kuma wasu tagwayen a burjin Guga, ana kiransu R Aquarii, waɗanda aka gano hazon da ke kewaye da su cikin 1921. A nan ƙaramin yakan tara abin da ya ja daga babban har ya yi bindiga, ya watsa shi waje. Daga irin wannan zubi ne ake samun ƙura da iskar da sababbin taurari ke tasowa daga cikinsu, shi ya sa masana ke bin diddiginsa.

Ga Mai Son Gani Da Idonsa

Tabon As-Sufi yana nan inda ya bar shi, kuma ba a bukatar wata na'ura kafin a gan shi. Mutanen ƙauyukan bakin tafki, inda hasken lantarki bai cika sama ba, sun fi na Kaduna da Kano sa'a. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazon hunturu ya rufe sama, a daren da babu farin wata. Cikin watan Nuwamba, tsakanin ƙarfe 9 da 11 na dare, mutum ya fuskanci arewa ya daga kai sosai. Zai ga taurari biyar masu haske a jere kamar haƙoran zarto, sama da su kuma, kafin a kai tsakiyar sama, akwai ɗan fari-fari kamar an shafa alli da yatsa. Idan an kau da ido kaɗan zuwa gefe ya fi fitowa.

Ɗalibanmu na makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai suna iya yin wannan da littafin rubutu da fensir kawai, har su bi dushewar Ra'asul Gul su ƙirga kwanakinsa da kansu. Ma'aikacin da ke riƙe da rajista ko fayil shi ma yana da abin ɗauka daga wannan bawan Allah, wanda ya girmama magabata amma bai sa hannu a kan lambar da bai bincika ba sai ya faɗi daga inda ya samo ta, bai kuma bar abin da ya gani ba don kawai babu gurbinsa a tsohon jadawali. Layi ɗaya da ya rubuta cikin 964 sai da ya jira shekara 959 kafin a gane ma'anarsa. Allah ya ji ƙan Malam Abdurrahman As-Sufi.